Malam Ɗalha, Direban Figaggiya

Da an sallame sallar asuba, sauran mutane kan koma gida su ɗan kishingiɗa, shi kuwa Malam Ɗalha sai ya ratso lungu ya fito bakin titin Ƙofar Ɗan Agundi, inda motar marasa lafiya ta unguwa take kwana a gindin wata darbejiya. Ya buɗe gaba ya duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya tayoyi yana dungurinsu da ƙafa, sannan ya shimfiɗa tsohon buhu ya kwanta rigingine, ya ja jikinsa ƙarƙashin mota yana taɓa notuka. In ya fito sai ya ɗebi ruwa da sabulu ya wanke bayan motar, don da wuya gari ya waye babu jini ko amai a kan katifar ledar da ke ciki. Daga nan ya zauna a benci yana jiran wanda zai zo a guje. Kuma za a zo. Wata rana tsohuwa ce ta faɗi a banɗaki, wata rana haihuwa ce ta zo da gardama, wata rana kuma ba asibiti za a je ba, maƙabarta ce.

Haka ya yi shekara da shekaru, har watan jiya da ya ajiye makulli. Babu gidan rediyon da ya faɗi, babu wanda ya zo daga sakatariyar ƙaramar hukuma. Shi ya sa ya kamata a faɗa a nan.

Ɗalha ɗan unguwar ne, a nan aka yanke masa cibiya. Da ƙuruciyarsa direban wani attajirin fata ne, ya san hanyar Legas da ta Maiduguri kamar tsakar gidansu. Da kasuwa ta karye a shekarun ƙarshe na mulkin soja, maigidan ya sayar da motocinsa, Ɗalha ya dawo gida ya zauna da matarsa Luba, yana ɗan taɓa tasin wani in an ba shi. Yana nan sai sojoji suka ce za su koma bariki. Gari ya cika da fastoci da kiɗa, 'yan takara suna bin unguwa-unguwa suna tambayar me ake so. Da wani daga cikinsu ya zo nan, maza suka yi ta zancen rijiyar burtsatse da taransfoma. Tsofaffin mata ne suka aiko daga cikin gida da tasu buƙatar: mota. Sun gaji da ganin ana cire ƙyauren ɗaki a kwantar da mara lafiya a kai, a yi ta ratsa lunguna da shi har bakin titi, sannan a fara roƙon masu tasi, su kuwa suna ganin jini sai su ƙara wuta.

Ɗan takarar ya cika alkawari, a wannan dai. Ya sayi jif 'yar Kwatano, fara, babba, aka tura Ɗalha Kaduna ya tuƙo ta. Ya sha ba da labarin wannan tafiyar. Ya ce bai taɓa shiga mota mai shiru irinta ba, yana gudu amma yana jin ƙarar carbinsa da ke rataye a madubi, allurar mai kuwa kamar an manne ta, da ƙyar take motsi. Ya shigo Kano ransa fari. Aka yi taro, aka ɗauki hotuna, aka miƙa makulli ga mai unguwa, mai unguwa ya miƙa masa. Aka yi zaɓe, mutumin ya ci, ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Kiran farko ne ya nuna matsalar. Wata dattijuwa, 'Yardada, hawan jini ya kayar da ita a can ƙuryar unguwa. Ɗalha ya karya kan mota zai shiga lungu, leɓen robar da ke ƙasan bambar gaba ya sarƙe da murfin kwata. Ya ja baya ya sake gwadawa, matakalar gefe ta kankare dakalin wani gida, faifan robar da ke rufe ƙarƙashin inji ya kama dutse ya yage. Ƙarshenta dai ƙyauren aka ciro, aka ɗauko 'Yardada a kansa kamar yadda aka saba, ga mota a tsaye ana kallonta. Majalisar bakin titi ta samu abin dariya, suna cewa motar hoto aka kawo musu.

Washegari ya kai ta wurin Ɗantani, mai gyaran jikin mota a bayan ganuwa, abokinsa ne tun suna makarantar allo. Ya ce a cire duk abin da ke hana ta shiga lungu. Ɗantani ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta.

"Ɗalha, waɗanda suka ƙera ta ba don ado suka manna robobin nan ba," in ji shi. "Su ke raba mata iska. A cikin gari ba za ka gane ba. Amma ranar da ka hau babban titi da ita a tuɓe, za ta sha mai, kuma za ta yi maka kuka."

"Ni ba babban titi aka ba ni ba," Ɗalha ya ce, "lungu aka ba ni."

Aka cire leɓen gaba, aka cire faifan ƙarƙashi da matakalun gefe da robobin da ke lulluɓe da saman tayoyi. Ɗan fiffiken da ke bayan rufi ma aka kwance shi, don yana kama indararon gidaje. Kujerun baya suka fita aka sa katifa, aka yaye shimfiɗar ƙasa saboda ta sha jini ba ta wankuwa, ya rage ƙarfe tsirara. Kafinta ya buga katako tsakanin direba da baya don suturar mata. Da yake unguwar ba ta da motar gawa, aka yi waldar ƙarfen ɗaura kaya a kan rufi, makara ta samu mazauni. Da motar ta dawo, wani a majalisa ya ce kamar kazar da aka fige. Sunan ya bi ta ke nan, Figaggiya.

To amma ta shiga lungu. Kai ne, Malam Ɗalha, ka riƙa naɗe madubai kana ratsawa da ita ta inda tsakaninta da bango bai wuce tafin hannu ba, har ƙofar zauren mai ciwo. Kai ne a daminar da amai da gudawa suka shigo unguwa ka yi ta jigila tun safe har magariba, lokacin da 'yan'uwa na jini suke tsayawa daga nesa da hannu a hanci, kana ɗaukar mutum a kafaɗarka ka kwantar, ka dawo ka wanke mota ka sake komawa. Akwai yara da ke zuwa makaranta yau a unguwar nan waɗanda a bayan Figaggiya suka fara kuka. Ba albashi kake ɗauka ba, abin da mutanen unguwa suka haɗa na mai ne, in ya yi saura a ba ka. Sau da yawa ba ya saura.

A cikin gari kuwa, kamar yadda Ɗantani ya faɗa, ba a gane komai ba. Ƙara ta ɗan ƙaru, tsakuwa tana dukan ƙarfe, amma daga unguwa zuwa asibiti ba a gudun da iska za ta yi magana. Ɗalha ya manta da gargaɗin.

Ranar da ta tuna masa, farkon damina ce. Isyaku magini, mutumin kirki mai 'ya'ya ƙanana, yana gyaran azarar wani soro kafin ruwa ya sauka sosai, ƙafarsa ta zame ya faɗo da ka. Da hantsi Ɗalha ya kai shi asibiti. Likitoci suka duba suka ce jini ne ya taru a cikin kai, mai aikin irin wannan yana Zariya, a hanzarta. Lokacin ana wahalar mai, gidajen mai a rufe, inda aka buɗe kuma layi ya miƙe ba iyaka. Ɗalha ya dubi allura. Ya tuna tafiyarsa daga Kaduna, ya auna a ransa cewa abin da ke tankin zai kai Zariya har ya bar ɗan saura. Tsayawa neman ƙari zai ci lokacin da Isyaku ba shi da shi. Matar Isyaku, Talatu, ta shiga baya ta ɗora kan mijinta a cinya, aka rufe ƙofa, ya ja.

Suna wuce Kura ya taka totur sosai, sai motar ta zama wata aba daban. Iskar damina tana tahowa daga gaba, ta shiga ƙarƙashin motar inda babu abin da zai tare ta, tana dukan inji da ƙarafa. Tayoyi suna ruri kai tsaye cikin ƙarfen da babu shimfiɗa. Makarar da ke kan rufi, wadda babu wanda ya tuna ya sauke, ta kama wani irin fito mai tsawo da ba ya yankewa. Sitiyari yana rawa a hannunsa, motar kamar ana riƙe ta ta baya, sai ya ƙara takawa. Allurar da ya sani da nauyin jiki kuwa yana kallonta tana sauka a gaban idonsa. Ya duba gidajen man hanya, duk an ja sarƙa. In ya rage gudu mai ya yi auki, Isyaku ya rasa lokaci. In ya ƙara gudu, mai ya ƙare. Ya zaɓi gudu, yana addu'a.

Bayan Tashar Yari motar ta yi tari, ta sake yi, ta mutu. Ya gangara gefen titi. Bai ko leƙa baya ba, ya finciki jarka ya tare wani mai babur, suka bazama neman 'yan bumburutu. Da ya dawo da man, hadari ya haɗo, ya tarar da ƙofar baya a buɗe. Talatu tana zaune inda ya bar ta, ta cire mayafinta ta rufe fuskar mijinta da shi. Ba ta kuka. Ya ga bayan hannunta na dama ya kumbura, fatar gaɓoɓin yatsun ta sale.

"Tun daga Kwanar Dangora nake buga katakon nan, Malam," ta ce. "Ya farfaɗo. Ya yi ta kiran sunanka, yana so ya bar maka wasiyya a kan yara, ya ce ni mace ce, 'yan'uwansa ba za su saurare ni ba. Ya gaji da kira ya yi shiru."

Ɗalha ya tsaya da jarka a hannu. Daga baya ya gaya wa Luba cewa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya zuba man, ya juya kan mota, suka dawo Kano a hankali cikin ruwan sama. A hankalin nan kuwa babu fito, babu ruri, yana jin numfashin Talatu ta bayan katako.

Likitoci sun ce ko da an isa, ba lalle ne Isyaku ya tashi ba. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Ɗalha bai musa wa kowa ba, amma ya daina cin abinci sosai, ya daina zama a majalisa. Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce a mayar wa mota kayanta, wasu suka ce in an mayar an koma zamanin ƙyaure. Kayan ma babu su, an daɗe da sayar wa masu gwangwan. Wasu kuma a bayan ido suka ce direban ne ya tsufa. Shi dai abu ɗaya ya yi tukuna: ranar da dangin Isyaku suka zauna rabon gado, ya je ba a gayyace shi ba, ya ce bai ji wasiyyar da kunnensa ba, kuma laifin rashin jin nasa ne, amma ya shaida cewa mamacin ya nemi ya bar ta, kuma matar nan ita kaɗai ta ji. Ya ce duk wanda zai ƙaryata ta, ya fara ƙaryata shi. Aka bar wa Talatu ɗakinta da 'ya'yanta.

Sannan ya koma wurin Ɗantani. Ɗantani bai ce ai na gaya maka ba. Suka samo tsofaffin allunan kwano na kamfe, masu hoton 'yan takara da rana ta koɗar, Ɗantani ya yanka ya buga ya lanƙwasa. Ya yi sabon leɓen gaba da faifan ƙarƙashi da marufan saman tayoyi, duk da notuka masu kunne waɗanda ake murzawa da hannu. Ƙarfen kan rufi aka yanke waldarsa aka mayar da shi na ɗaurawa da kwancewa. Suka fita gwaji hanyar Wudil, suka dawo, suka gyara, suka sake fita. Ba ta koma yadda ta zo daga Kaduna ba, kuma ba za ta koma ba. Amma fiton ya tafi, shan man ya ragu ƙwarai, sai dai kwanon yana da tasa ƙarar, wata kakkarwa da ke shiga har haƙora.

Tun daga nan aikin Malam Ɗalha ya zama biyu. In cikin gari ne, Figaggiya ta shiga lungu a tuɓe. In tafiya mai nisa ce, da ya fito da mara lafiya bakin titi sai ya tsaya gindin darbejiya, ya kwanta ƙarƙashin mota ya ɗaura mata kwanukanta, ya sauke ƙarfen rufi, ya duba jarkar da ba ya yarda ta zauna babu mai ko da gidansa babu cefane. Masu mara lafiya sukan yi masa tsawa, ana gaggawa ya tsaya wasa da noti. Wani ya taɓa cakumar rigarsa. Bai taɓa mayar da magana ba, bai kuma taɓa fasawa ba. A cikin taɓo ya kwanta, a kan kwalta mai zafi ya kwanta, dattijo mai furfura, hannuwansa duk yankan kwano.

Katakon ma ya huda shi, ya zura igiya. Bakinta ɗaya yana baya kusa da katifa, ɗayan ya ɗaura a damtsensa. Duk wanda ya shiga da mara lafiya sai ya damƙa masa igiyar ya ce in da magana a ja, kada a buga. Mutane sun ɗauka tsoron abin da ya faru ne kawai. Luba ce ta fara gane ɗaya dalilin. Tana yi masa magana daga bayansa ba ya juyowa, rediyo sai ya ƙure murya, kiran sallah sai ta taɓa shi. Da aka matsa masa ya je asibiti, likita ya ce shekaru ne da kuma ƙarar da kunnen ya daɗe yana sha, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba shi shawarar ya bar motar. Ɗalha ya tambaya wa zai karɓa. Babu mai karɓa, sai ya koma bakin aiki.

Da zaɓe ya sake zagayowa, yaran mutumin da ya ba da motar suka zo da manyan lasifikoki, suka ce maigida yana son jif ɗinsa na ɗan lokaci, za a ɗaura mata su a zaga gari. Ɗalha ya zauna a kan bencinsa da makulli a aljihu, ya dube su, ya nuna kunnensa. Suka ɗaga murya, ya sake nuna kunnensa. Kafin su yanke shawarar abin da za su yi, labari ya shiga cikin gidaje. Tsofaffin mata suka fito da tabarminsu suka zauna kewaye da motar, har da 'Yardada da sandarta da rabin jikinta da ba ya aiki. Yaran suka kwashe lasifikokinsu suka tafi. Wannan ce kaɗai ranar da kurumtar ta yi masa amfani.

Watan jiya yana fitowa da baya-baya daga wani lungu, wani tsoho makaho yana alwala a gefen dakali. Mata suka yi ta ihu daga zaure, bai ji ba. Sai da wani ya yi tsalle ya daki gilashin gaba da hannu biyu sannan ya taka birki, taya ta riga ta murƙushe butar tsohon. Ya fito, ya dubi butar, ya dubi tsohon da bai ma san me ya faru ba. Ya kai mara lafiyar da ke ciki asibiti, ya dawo ya wanke mota, ya wuce gidan mai unguwa ya ajiye makulli a gabansa. Ya ce an ba shi ita ne don ya kai mutane asibiti, ba don ya take su ba.

Malam Ɗalha, ba ka ƙera mota ba, ba ka karanta yadda iska ke bi ta jikinta a makaranta ba. Ka yi kuskure sau ɗaya, kuskure mai nauyi, ba ka ɗora wa ƙaddara shi kaɗai ka wuce ba, ka kwanta a ƙasa shekara da shekaru kana gyara shi da hannunka. Ka ba unguwar nan ƙarfinka, ka ba ta kunnuwanka. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Isyaku da duk waɗanda ka raka makwancinsu, ya sa ka ji kira mai daɗi ranar da ake kiran bayinsa na gari.

Sauran magana tamu ce. Unguwar nan cike take da masu lasisin tuƙi, wasu suna zaune a majalisa tun safe. Akwai masu hali da ke wucewa ta Ƙofar Ɗan Agundi cikin motoci masu shiru, gilashi a rufe. Akwai waɗanda muka zaɓa. Ba a ce kowa ya zama Ɗalha ba, amma mutum ɗaya ya ɗauki safiya, wani ya ɗauki yamma, wani ya ɗauki mai, wani ya sa a mayar wa motar nan shimfiɗa don kada ta cinye kunnen na gaba. Ɗantani ya ce zai koya wa duk wanda ya zo ɗaurin kwanukan, kyauta.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi masa 'yar walimar sallama a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mai unguwa ya yi jawabi, liman ya yi doguwar addu'a. Ɗalha yana zaune a tsakiya cikin farar riga, yana kallon hannuwan mutane don ya san lokacin shafawa. Da aka shafa, wuri ya yi tsit, sai ya juya wurin mai unguwa ya yi tambaya da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, har na ƙarshen sahu suka ji.

"Hasana matar mai shayi watanta ya kama, kuma likita ya ce aiki za a yi mata. Wa zai kai ta?"

Mutane suka sunkuyar da kai. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana duban leɓɓa, ko wani ya amsa shi ne bai ji ba. Babu leɓen da ya motsa.